Wayar da Ta Shiga Cikin Gidan Kawu

Kawu ya rasu ranar wata Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Allah ne ya ba mu shi, Shi ya karɓi abinsa, kuma duk hanyarmu ke nan. Da wannan ba ni da ja. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne abin da kunnena ya riƙa ji a zaman makoki.

Kwana uku ina zaune a kan tabarma a ƙofar zaurensa da ke Tudun Wada, ina karɓar gaisuwa tare da 'ya'yansa, don ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma a gidan na tashi. Kusan duk wanda ya zo sai ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, mutum mai haƙuri." Na yi ta cewa amin har bakina ya bushe. Amma Kawu ba mai haƙuri ba ne. Mai gaskiya ne, hannunsa a buɗe yake, ya karantar da mutane a zauren nan tun kafin a haife ni. Haƙuri kuwa, in ka ga yana yi maka shi, to bai gano abin da ka aikata ba tukuna.

Wani dattijo daga Gyallesu ya yi doguwar addu'a, muka shafa, sai ya ɗaga kai ya dubi talabijin ɗin da ke rataye a bangon zaure, ya matso ya raɗa mini, "Alhaji, kai ka haɗa wannan? Tawa ta gida layi-layi take yi." Na ce ya same ni a shago bayan sadakar bakwai.

Mutum ɗaya ce ta faɗi maganar da ta dace da mamacin. Wata tsohuwa ce daga Tudun Jukun, ta zo za ta shige wajen mata, sai ta tsaya a bakin zaure tana bin wata baƙar waya da ido, wadda ta bi saman bango ta ɓulle cikin gida. Ta ce, "A cikinku wane ne mai wayar nan?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya."

Ta ce, "To, kada a cire." Ta wuce abinta, ko gaisuwar ba ta yi mana ba.

A lokacin na ɗauka ruɗewar makoki ce. Ashe ta riga ni sanin halin maza.

Ni ɗan kasuwa ne. Ina da shago a Kwangila, ina sayar da kwamfutoci na hannu, da monita, wato gilashin da hoton kwamfuta ke fitowa a kai, da wayoyinsu. A gidan malamai na fito, ni kaɗai na bar littafi na kama sukundireba, kuma dangi ba su ɓoye mini ra'ayinsu ba. Ranar da na buɗe shago babu wanda ya zo. Can da yamma sai ga Kawu a kan acaɓa da rawaninsa. Ya ƙi kujera, ya zauna a kan kwali a bakin ƙofa inda duk mai wucewa zai gan shi, ya yi awa guda yana amsa gaisuwa. Bai yi mini wa'azi ba, bai ce na yi daidai ba. Da zai tafi ya ce, "Shagon nan yana warin ƙonanniyar roba." Shi ke nan. Daga ranar babu wanda ya sake yi mini gori a dangi.

Da idonsa ya fara rauni, babban ɗansa, wanda ke aikin ofis a Abuja, ya kawo masa kwamfuta da hotunan shafukan littattafansa a ciki, don ya riƙa ƙara girman rubutu. Ni na ajiye masa ƙaramar monita a kan ɗan benci a gaban buzunsa. Ba a yi wata ba ya ce ɗalibai ma su riƙa ganin shafin da yake kai, don ba kowa ke da littafin ba. Na gaya masa kwamfutar bakin fitar hoto ɗaya gare ta. Ya ce, "Ni ma bakina ɗaya ne, mutum nawa ke ji?" Sai na samo ɗan akwatin raba hoto, wanda mu a kasuwa muke ce wa sifilita: waya ɗaya ta shiga, da yawa su fita, kowace monita ta nuna abu guda. Na rataya talabijin a bango.

Na sha fama da shi. Sai ya ɗora yatsa a kan tasa monitar ya ce, "Ku dubi nan." Ɗalibai su dubi bango, babu yatsa. Na ce, "Kawu, yatsanka ba ya bin waya. Ga kibiya nan, da ita za ka nuna." Ya ce, "Abin da zai ɗauki littafi sukutum ya kasa ɗaukar yatsa ɗaya?" Wata uku muka yi kafin hannunsa ya saba. Idan an tashi karatu kuwa sai ya lulluɓe monitar da tsohon rawani, duk da na gaya masa ya bari ta huce. Ya ce ba ya barin littafi a buɗe, ba zai fara da wannan ba.

Matan unguwa sun daɗe suna taruwa a falon Inna, matarsa, bayan la'asar, suna sauraron karatun ta lasifika. Wata rana ya ce mini, "Su ma su gani. Mai ji kawai maimaitawa take yi. Mai gani ita ce za ta iya karantawa da kanta."

Nan ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu.

Daga zaure zuwa falon Inna, in ka bi bango, tafiyar waya ta haura yadi talatin. Na san aikina. Na san hoto yana raguwa idan aka raba shi da akwatin da ba ya shan wuta, kuma yana ƙara raguwa a doguwar waya, balle siririya. Irin kayan da ya kamata babu su a Zariya a lokacin, sai an je Kano. Ina da aiki a shago, ga siririyar waya a hannu. Na ce bari in gwada. Na hau tsani, na buga ƙusa, na huda bango, na haɗa da tsohuwar talabijin ɗin Inna. Na kunna, hoton buɗewar kwamfuta ya fito, babban hoto mai launi, ba laifi. Ban buɗe shafin littafi ba. Kafin in gama naɗe kaya mata sun fara shigowa, matan mutane, dole na fice. Da aka fara karatu na tsaya daga bakin zaure na ɗaga murya: "Inna, ya fito?"

Ta ce, "Ya fito, Allah ya yi albarka."

Na kaɗe rigata na tafi.

Ku lura da yadda gidan yake. Lokacin da talabijin ɗin ke nuna shafi, falon cike yake da matan aure, namiji ba ya shiga. Lokacin da namiji zai iya shiga, an kashe kwamfuta an lulluɓe. Kawu kansa yana zaure yana karantarwa. Yakan tambayi Inna wajen cin tuwo, "Kuna dai gani ko?" Ta ce, "Muna gani, Malam." Shekara biyu babu idon namiji ko ɗaya da ya sauka a kan abin da matan nan ke kallo.

Ciwon ƙafa ne ya tona ni. Ya kwantar da Kawu a uwar ɗakin Inna, ƙanensa, wanda muke kira Kawu Ƙarami, ya riƙe karatun. Yana kwance yana jin karatu, sai ya ɗan ɗage labule ya hango talabijin. Washegari da safe aka ce yana nemana.

Na same shi a falo a kan kujera, ƙafa a kan matashi, an kunna komai. Ya nuna mini tsakiyar tabarma. "Zauna nan. Karanta layin farko."

Na ce, "Kawu, ai ka san karatuna."

"Na sani, ni na koya maka ɗan abin da ka iya. Karanta."

Na duba. Shafin ya yi toka-toka, kowane harafi da inuwarsa a gefe, kamar rubutun da ruwa ya taɓa aka shanya. Ka san rubutu ne, amma ba za ka ce ga abin da aka rubuta ba.

Ya juya wajen Inna. "Tun yaushe?"

"Tun ranar farko, Malam."

"Kuka yi shiru?"

"To kana ta murna, kana gaya wa baƙi. Shi kuma yaron nan ya sha rana a kan tsani."

"Shekara biyu ina cewa ku dubi nan, ku dubi nan. Me kuke duba?"

Ta ce, "Muna duban wajen, Malam."

Da a wani wuri ne da na yi dariya. Ya dawo kaina. "Kai ka sani?"

Na ce, "Na yi zato."

"Ka yi zato. Da talabijin ɗin zaure ce, a zato za ka tsaya?"

Raina ya ɓaci, don ya taɓa inda ke ciwo. Na shiga yi masa bayani da zafi: bakin kwamfuta ɗaya ne, an raba shi uku, kamar famfo ɗaya ne aka jona wa tiyo uku, wanda ya fi nisa dole ruwansa ya zama ɗigo. Ya bari na gama tas. Sannan ya ce, "Ban tambaye ka yadda ruwa ke raguwa ba. Wa ka zaɓa ya sha raguwar, shi na tambaya."

Na ce in aikina bai yi ba a nemo wani, masu gyara sun cika gari. Ya ce, "Za a nemo. Kai dai fita." Na fita ban yi sallama ba, ni da gemuna da 'ya'yana.

Ranar ya sa aka kashe ta zaure, har da tasa. Ya ce babu mai ganin shafi sai kowa zai gani. Shi da ba ya ganin ƙananan rubutu ya koma karantarwa da ka. Ɗalibai suka yi ta zarya shagona. Wani ya ce, "Alhaji, saboda talabijin ɗin mata za a hana mu gani?" Na ce ya je ya faɗa wa Malam haka. Bai je ba. Kwana tara na yi ina cika ina batsewa, a na goma na hau motar Kano.

Na dawo da akwati mai shan wuta, mai baki huɗu, da 'yan na'urori biyu da ke ɗaukar hoto su bi da shi ta doguwar waya ba tare da ya raunana ba. Na ɗaya monitarsa, na biyu bangon zaure, na uku falon Inna, na huɗu na ja shi rumfar ƙofar gida inda waɗanda zaure bai ɗauka ba ke zama. Kowace waya na naɗa mata salatif na rubuta lamba. Da na kunna sai wata matsalar ta ɓullo: rubutun zaure ya rage kyau. Na bincika na gane akwatin yana tambayar kowace monita ƙarfinta, sai ya saukar da hoton daidai da wadda ta fi rauni, wato tsohuwar talabijin ɗin Inna. Na yi masa bayani ina jiran faɗa. Sai ya yi dariya har ya riƙe ƙafarsa mai ciwo. Ya ce, "Akwatin nan ya fi ka fiƙihu. Haka liman yake yi, da mafi rauni a sahu yake auna sallarsa." Duk da haka na ɗauko wata mai kyau daga shago na canza wa Inna, kowa ya huta.

Ranar da aka dawo da gani na raɓe a ƙarshen zaure, ina jiran ya ba da labarina a gaban mutane, don ya saba. Ya gyara zama ya ce, "An yi shekara biyu iyayenku mata ba sa ganin shafi. Laifina ne. Ɗakin yana cikin gidana, taku ashirin daga nan, ban taɓa tashi na duba ba." Bai ambace ni ba, bai ko dubi inda nake ba. Ya buɗe littafi. Har ya rasu bai sake tayar da maganar ba. Ni kuma ban taɓa ba shi haƙuri ba, kullum ina cewa sai na sami lokacin da ya dace.

Bayan haka Inna ta gaya mini matan da a da ke zuwa su jingina da bango su yi gyangyaɗi sun fara rigimar wurin zama na gaba. Wasu sun fara zuwa da takarda da biro.

Wannan shi ne mutumin da aka yi ta ce wa mai haƙuri.

Bayan sadakar bakwai aka yi zaman dangi. Aka amince Kawu Ƙarami ya ci gaba da karatun. Shi da littafin takarda yake karantawa, wani ɗalibi zai riƙa juya shafi a kwamfuta. Ya ce ba zai hau buzun yayansa ba, zai zauna a gefe. Aka kuma amince a bar buzun da ƙaramar monitar a kunne a gabansa lokacin karatu, ko zuwa arba'in ne, don a riƙa tunawa. Ni ma abin ya taɓa ni.

Sai babban ɗan Kawu ya kawo nasa. Taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ba mugun mutum ba ne, kuma shawararsa mai kyau ce: a riƙa watsa karatun ta intanet don ɗaliban Kawu da ke nesa. Ya zo da na'urar da za ta ɗauki shafin. Tana buƙatar baki ɗaya a jikin akwati. Bakuna huɗu ne, duk a cike.

Ya ce, "Sai a zare ta cikin gida."

Na ce, "Don me ita?"

"Ta zaure dai ba ta ciruwa. Rumfa kuwa manyan mutane ke zama, kowa na gani. Mata kuwa suna da lasifika. Mai son gani ta kalla a wayarta."

"Wace wayar? Rabinsu ƙaramar waya mai tocila gare su."

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗan mace, haɗa waya aka ce ka yi, ba fatawa ba."

Na ce, "Ɗan namiji, kai da ko filogi sai an nuna maka inda yake shiga. Ba ni sati biyu in yi odar mai baki takwas, kowa ya samu."

"Na riga na sanar, Asabar za a fara. Yi odar. Wannan na wucin gadi ne."

Na san wucin gadin gidan nan. Ƙyauren ɗakin ajiya an cire shi za a gyara tun ina saurayi, har yau buhu ne a wurin. Kuma na san in an zare wayar nan babu wadda za ta aiko ta ce a mayar. Na dubi sauran dangi, kowa ya sunkuyar da kai. Mutanen da suka yi kwana bakwai suna yabon Kawu, babu wanda ya tuna dalilin da ya sa ya taɓa kashe zaure kwana goma.

Na shiga gaida Inna, tana takaba. Na gaya mata yadda ake ciki. Ta ce, "Duk abin da kuka gani daidai ne." Na yi mata sallama na fito. Na riga na koyi cewa irin wannan amsar ba amsa ba ce.

Asabar na zo kafin la'asar da jakar kayan aikina. Zaure ya cika, rumfa ta cika, ana jin hayaniyar mata suna shigewa. Taubashina yana tsaye da na'urarsa, ya miƙo mini wayarta. Na durƙusa a bayan bencin Kawu inda akwatin yake. Ƙaramar monitar tana kunne, shafin da za a fara yana kai, buzu babu kowa. Na daɗe a durƙushe fiye da yadda aikin ke buƙata. Sannan na kama waya mai lamba ɗaya na zare, na sa tasa a gurbin.

Monitar Kawu ta yi baƙi.

Kawu Ƙarami ya dubi gilashin, ya sa gefen rawani ya share ido. Taubashina ya sunkuyo ya ce, "Ko arba'in ba ka bari ya yi ba?"

Na ce, "Mai ita ba ya karatu da ita yanzu. Na ciki suna yi."

Na san magana ce mai nauyi a gaya wa ɗa a gaban buzun ubansa. Da na iya magana mai laushi da na yi, ban iya ba. Kawu Ƙarami ya yi gyaran murya ya yi bisimilla, aka fara karatu. Na nesa suka gani, na rumfa suka gani, na falon Inna suka gani.

Tun ranar taubashina bai yi mini magana ba. In na kira ba ya ɗauka, ranar da zai koma Abuja na je rakiya ya shige mota ya ɗaga gilashi. Ya kai ga kunnena ana cewa ɗan kasuwa ba shi da tausayi, ya kashe wa mamaci fitila tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Wasu daga cikin masu faɗa sun yi shekara ashirin a gaban Kawu. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ni da na gudu daga karatu, ni ne zan tuna wa ɗalibansa halinsa?

Akwati mai baki takwas ya iso jiya, yana nan a shago. Jibi zan je in haɗa, monitar Kawu ta sake kamawa, mai son ya dube ta ya tuna da shi ya duba, ni ma zan duba. Amma ina so dangi su sani tun yanzu, a rubuce: duk ranar da bakuna suka sake ƙarewa, ita zan sake zarewa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya yafe masa zafin ransa, ya karɓi karatunsa daga zaure har cikin gida. Allah ya ba Inna juriya. Ɗansa kuma Allah ya sanyaya masa zuciya ya amsa sallamata, don ba ni da wani taubashin da ya kai shi.